Jar Bishiyar Bakin Asibiti

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Haka na tarar, haka kuma na yi. Tun da aka yaye tawa kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta. Tsakar gida ɗaya muke, ƙofar ɗakinsu tana kallon tawa, amma in ta faɗi ta kurje gwiwa ba ni ce mai ɗaga ta ba. In ina so ta miƙo mini ludayi sai in ce "ke", in ina zancenta da mutane in ce "yarinyar nan". Na daɗe ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can bayan Bagwai, har ta yi shekara guda a ajina. In na zo kan sunanta a rajista sai in ɗaga kai in gan ta, in sa alama in wuce, yara suna dariya, ita ma tana yi. Ina son ta, Allah ya sani, kunya ce kawai irin wadda aka rene mu da ita.

Lokaci ɗaya ne al'ada take sassauta wa uwa, wato haihuwar fari. Yarinya ta dawo gida, uwa ta dafa ruwa da ganyen darbejiya, ta yi mata wanka safe da yamma har kwana arba'in. Ba na ɓoyewa, shekaru na yi ina jiran kwanakin nan. Da labari ya zo tana da juna biyu, tun damina ba ta tsaya ba na fara tara itace a bayan rumbu. Sai dai mijinta yana karatu kan ƙasar noma a wata jami'a a Suwidin, cikin Turai, ita ma tana can, likita kuma ya hana ta doguwar tafiya. Aka ce ni zan je. Ana saura kwana goma in tashi aka yi mata tiyata aka ciro yaro bakwaini, aka sa shi a kwalba.

Geron gonarmu na surfa, na shanya, aka niƙo mini da citta da kanumfari da masoro. Na ƙulla jar kanwa a leda uku. Malam, mai gidanmu, ya rako ni a motar kasuwa har Rijiyar Zaki, muka hau adaidaita sahu zuwa filin jirgi. Duk hanya yana ce mini matambayi ba ya ɓata. Na ce masa ni da na koya wa rabin ƙauye karatu ba zan ɓata a garin da aka rubuta komai a allo ba.

Surukina ya tarye ni da wata rigar sanyi mai nauyin bargo biyu. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar mutane, Turawa suna kewaye mu da akwatunansu. Daga ƙarƙashin filin jirgin muka shiga jirgin ƙasa, ni ina ta sauraron ƙararsa ban ji ba, sai da na ga itatuwa suna gudu na san mun tashi. Da muka sauka a birninsu ya miƙo mini wani kati, ya ce, "Inna, wannan shi ne kuɗin motarki. Direba ba ya karɓar kuɗi a hannu." Ya nuna mini wani allo a kan sanda, ya ce saura minti huɗu. Na yi murmushi, don na san minti huɗun 'yan tasha. Sai ga bas a minti huɗu cif. Ya tsaya, ya yi wani huci, ya rusuna ta gefen da muke tsaye har dokin ƙofarsa ya yi daidai da ƙafata. Na ce a raina, ko ba komai motar garin nan tana da tarbiyya.

Na shiga da sallama kamar yadda ake shiga kowace mota. Direban kaɗai ya amsa da wata gajeriyar kalma. Sauran kowa yana kujerarsa shi kaɗai, ya bar ta kusa da shi fanko, kamar gidan da aka yi rabon gado ba a shirya ba. Babu kwandasta, babu mai cewa a matsa ciki, babu buhun taki a kan ƙafar kowa. Na dangwala katin a jikin wata na'ura ta yi ƙara, na je na zauna kusa da wani saurayi, don a wajenmu tsallake mutum ka zauna nesa gaba ce. Bawan Allah ya manne da taga kamar na zo karɓar haraji. Surukina ya sunkuyar da kai, ina ganin kafaɗarsa tana rawa.

Dariyar ta ƙare da muka isa asibiti. Yaron bai fi kwalbar man gyaɗa ba, an jona masa siraran robobi a hanci. Ita kuma tana zaune kusa da shi, idanunta sun faɗa, wuyanta ya yi tsawo. Ta ce, "Inna, sannu da hanya." Na ce, "Ke, ya jiki?" Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Ruwan nono ya ƙi zuwa sosai. Ma'aikatan suna da kirki, suna kawo mata dafaffen dankali da kifi da burodi, ta ɗan taɓa ta ture. Wanka kuwa babu shi. Likita ya ce ɗinki bai warke ba, kuma da na tambayi surukina inda ake hura wuta a gidansu, rufin ɗaki ya nuna mini, inda wani farin abu yake jiran hayaƙi ya yi ihu. Duk shirin da na yi, abin da ya rage a hannuna kunun kanwa ne. Ranar da na fara kai mata ta shanye kofi biyu ba ta ɗago ba, gumi ya karyo mata a goshi.

Surukina a asibitin yake kwana tare da su, da safe ya wuce jami'a. Kwana uku yana zagayowa gida ya ɗauke ni, yana makara. A na huɗu ya ce, idonsa a ƙasa, ko zan riƙa jira sai yamma in ya taso. Na ce mai jego da safe take shan kunu, ni zan riƙa zuwa da ƙafata. Yarinyar ta ce, "Inna, garin nan ba Bagwai ba ne. Na yarda, amma in kika ɓata ko sau ɗaya, shi ke nan, sai dai ki jira shi." Na ce na ji. Na kuma san halinta, in ta faɗi magana ba ta janyewa, ba daga ƙasa ta tsinto shi ba.

Ya rubuta mini lambar bas da sunan tashar da zan sauka, wani dogon suna mai ɗige-ɗige a kan baƙaƙe. Ya ce akwai murya da take faɗin kowace tasha, akwai allo a saman direba, in an kusa sai in danna jan maɓallin da ke jikin ƙarfe. Tashar da ya zaɓa mini ta bayan asibiti ce, daga nan taku kaɗan ne zuwa wata ƙaramar ƙofa da ke kaiwa ɗakin jarirai kai tsaye.

Ranar farko ni kaɗai, ban kai tasha ba na hango bas ɗin yana tahowa. Na ɗaga masa hannu kamar yadda na yi duk rayuwata a bakin titi. Direban ma ya ɗaga mini hannu ya wuce abinsa. Na tsaya riƙe da filas ina yi masa Allah ya shirya. Wannan ya koya mini cewa a nan mota ba ta san mutum ba sai a tasha. Muryar da ke faɗin tashoshi kuma, duk sunayen iri ɗaya suke a kunnena. Allon ma bai yi mini rana ba, don da zarar na shigo daga sanyi tabarauna yake yin fari fat da raɓa, sai in cire in jefa a jaka. Na gwada ƙirga tashoshi, na tarar in babu mai hawa ko mai sauka, wucewa ake yi.

Sai na koma ga abin da na sani. A wajenmu da itatuwa ake kwatance. Ka ce wa direba a sauke ka a gindin tsamiya, ko bayan ɗorawa biyu, kowa a motar ya gane. To, gab da tashata akwai wata bishiya, ganyenta mai yatsu kamar na kuɓewa. Lokacin kaka ne a can, sauran itatuwa sun yi ruwan ɗorawa, ita kaɗai ta yi ja wur kamar an shanya tattasai a kanta. Ko babu tabarau ina hango ta daga nesa. Ina ganin ta sai in danna maɓalli, ƙararrawa ta yi ƙara, bas ya rusuna, in sauka kamar 'yar gari.

Mako biyu muka yi haka. Kullum bayan asuba in dama kunu, in ɗure a filas, in naɗe shi da zani, in rungume a ƙirji. Na fara sanin fuskoki: mai keken jariri da ke shiga ta ƙofar tsakiya, tsoho mai kare da ke zama can baya, da wata direba mai furfura da gajeren gashi, wadda ita ce ta fi yawan ɗaukar mu. Ban fasa sallamata ba, ita kuma ba ta fasa amsawa da kalmarta ba. Nono ya fara zuwa. Aka fara ciro yaron daga kwalba ana kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata. Ni dai ina zaune gefe ina kallo, ina zuba kunu, ina cewa "ke, ƙara kaɗan". Har waya na yi wa Malam na ce masa in ya zo ni zan zagaya da shi gari.

Ranar Asabar da Lahadi aka yi iska da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Wani abokin surukina ya kai ni a motarsa ta wata hanya dabam, saboda haka ban bi ta wajen bishiyata ba. Litinin na fito kamar kullum, gari ya yi toka-toka, ana yayyafi mai shiga ƙashi. Na manta safar hannu a kan tebur, ban koma ba don kar bas ya wuce. Na zauna a gefen taga ina jiran ja. Muka wuce gada, muka wuce kantin da nake gani kullum. Babu ja. Itatuwan duk sun tsaya tsirara, baƙaƙe, kamar 'ya'yan mutum ɗaya. Na ce ko gaba kaɗan ne. Gidaje suka fara raguwa, mutane suna sauka ɗai-ɗai, har tsoho mai kare, wanda kullum nake bari a ciki, ya sauka ya bar ni.

A nan na tuna babana, Allah ya ji ƙansa. Muna yara in ya kai mu gona yakan ce kar mu yi alama da ganye, ganye baƙo ne, mu dubi gindi da yadda reshe ya rabu. 'Yar manomi guda, na zo ƙasar mutane na yi alama da launi. Wayata ta fara motsi a cikin jaka. Na san yarinyar ce, don lokacin isata ya wuce. Ban ɗauka ba. In na ɗauka zan ce na ɓata, in na ce na ɓata an gama, sai dai kunun yamma. Na bar ta tana ta motsi har ta gaji, ina jin haushin kaina, ina jin tsoro, ina ƙara ƙanƙame filas ɗin.

Bas ya tsaya a wani fili a bakin daji, ga wani tafki shiru a gefe, babu gida ko ɗaya. Aka kashe inji. Direbar nan mai furfura ta taso ta nufo ni. Turancin da na koya a makarantar horon malamai ya daɗe a ajiye, amma ranar ya fito.

Ta ce, "Yau ba ki danna ba. Na yi zaton wani wuri za ki."

Ashe duk kwanakin nan ta san inda nake sauka. Na ce mata bishiyata ce ta ɓace, ja ce. Ta kalle ni, sai ta gane. Ba ta yi dariya ba, ta ce sai shekara ta zagayo za ta sake yin ja. Ta nuna abin da na rungume ta ce mene ne. Na ce abincin 'yata ne, ta haihu, yaron ƙarami ne ƙwarai, a kwalba yake. Ta dafa ƙirjinta. Ta ce tana da hutun minti goma, daga nan za mu juya, in dawo kujerar da ke bayanta, ita za ta gaya mini inda zan sauka.

Ta ɗauko nata ɗan filas na kofi ta zauna a kujerar da ke kallon tawa. Ni kuma ba zan iya zama da abinci a hannu ina kallon wanda ya taimake ni ba. Na kwance zani, na zuba mata kaɗan a murfi. Ta shinshina, ta kurɓa. Masoro da citta suka kama ta, ta yi tari har hawaye, ta ce wannan ai zai tashi matacce. Na ce aikinsa ke nan. Ta shanye sauran, muka yi dariya mu biyu a cikin bas fanko, ruwa yana sauka a kan rufinsa.

A hanyar dawowa na ga bishiyar. Tana nan inda take, gindinta ya rabu biyu daidai tsayin mutum, jajayen ganyen sun jiƙe a ƙasa mutane suna takawa. Hannuna ya tafi wajen maɓalli, na janye shi. An ce za a gaya mini, ni kuma na sha isasshen girman kai a ranar. Direbar ta wuce tasha ɗaya ta tsaya a babbar ƙofar asibiti, wadda a saninta ita ce ƙofar kowa. Ta nuna mini da hannu. Na yi mata addu'ar da na san ba ta ji, amma ta saurara har na gama kafin ta rufe ƙofa.

Ban taɓa shiga ta nan ba. Fili ne babba, hanyoyi sun rabu ko'ina. Na yi ta zagaye a waje cikin yayyafi ina neman ƙaramar ƙofata, ban same ta ba, na dawo. Dole na je wajen wata mata da ke zaune bayan gilashi. Na ce ɗakin jarirai nake nema. Ta ce ba a shiga sai an san wajen wa aka zo. Ta ɗora yatsu a kan na'urarta ta ce, "Mene ne sunanta?"

Na nemi biro. Rubutawa ba laifi ba ne, na sha rubuta shi a takardun makaranta. Ta turo mini biro da takarda. Yatsuna suka ƙi haɗuwa, sanyi ya sandarar da su, biron ya suɓuce ya faɗi ƙasa, na ɗauko ya sake faɗuwa. Matar tana jira, mutum biyu suna bayana, kunu yana hucewa. Na waiga hagu da dama kamar wani daga ƙauyenmu zai ji ni. Sannan na faɗa. A hankali ya fito, ta ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi. Shekara talatin da ɗaya sunan nan yana cikina, ban san haka yake da daɗi a baki ba. Matar ta buga waya sama, ta yi magana, aka turo wata ma'aikaciya ta raka ni.

Na tarar da yarinyar a kujera, yaron yana kwance a ƙirjinta cikin riga, wayarta a kan cinya. Idanunta sun yi ja. Na shirya jin hukuncina, na fara kwance zani ba tare da na dube ta ba.

Ta ce, "Inna, sau bakwai na kira."

Na ce, "Na ji."

"Ɓata kika yi."

"Bishiya ce ta zubar da ganye."

Ba ta tambaye ni wace bishiya ba. Ta ce, "An bugo daga ƙasa an ce wata mata tana nemana, ta ce ita ce mahaifiyata. Na ce takarda ta nuna muku? Suka ce a'a, da bakinta ta faɗi sunan. Sai na ce to ba Innata ba ce." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Da gaske ke kika faɗa?"

Na ce biro ne ya ƙi kamuwa. Na zuba kunun a kofi, da sauran zafinsa, hayaƙi yana tashi kaɗan. Ta ce, muryarta can ƙasa don kar yaron ya farka, "Baturiyar da ba ta san ni ba ta ji, ni ban taɓa ji ba."

Ba ta ƙara ta da maganar jiran yamma ba, ni ma ban tuna mata ba. Washegari da gindin da ya rabu biyu na gane tashata, haka na ci gaba har dusar ƙanƙara ta rufe shi, har aka sallamo su. Itacen da na tara a bayan rumbu kuwa, da na dawo gida na tarar an ƙone shi wajen dafa wake.

Amma a ranar, ina tsaye da kofi a hannu, ita kuma hannayenta biyu suna tallafe da yaron, ba ta da na karɓa. Na matsa kusa, na kai kofin bakinta, na sa ɗaya hannun na tallafi ƙeyarta, wurin da rabona da taɓawa tun ranar da aka yaye ta. Na ce ta sha kafin ya huce. Na kira ta da sunanta.